Kafin ka tura kuɗin inkubeta ko tampol na hannu, karanta wannan



Lokacin da zan fara ƙyanƙyasa da kaina, na ga wani ya sa hoton inkubeta mai cin ƙwai 528 a Facebook, kuɗinta bai kai rabin na sabuwa ba. Ya ce tashi zai yi daga garin, kuma mutum uku na jira, in ina so in yi sauri. Na tura kafin alƙalami. Washegari ya ce direba na tasha, in ƙaro kuɗin mota. Na ƙara. Daga nan layinsa bai sake shiga ba har yau. Kuɗin da na ware na abincin kaji ne suka tafi, sai da na sayar da wasu kajin kafin lokacinsu.

Ba ina cewa a guji kayan hannu ba ne. Keji, tampol, injin jan ruwa da janareta na hannu sun taimaki da yawanmu masu ƙaramin jari. Amma ba a cinikin biri a sama. Ga yadda nake yi yanzu.

IN KAI NE MAI SAYE

1. Hoto ba shaida ba ne. Macuta a shafukan wasu suke kwaso hotuna. Ka sa hoton a Google Lens, in ka gan shi a wasu wurare da sunan wani daban, ka bar maganar. Sannan ka nemi kiran bidiyo, ya rubuta sunanka da kwanan watan ranar a takarda ya ɗora a kan kayan. Wanda kullum yake cewa kyamararsa ta lalace ko babu sabis, ka gane.

2. Ka lura da gaggawa da araha. "Wani zai biya yanzu" tsohuwar dabara ce don kada ka samu lokacin tunani. Ka fara tambayar kuɗin sabo a kasuwa kafin ka yi ciniki.

3. Sunan da ya fito a asusun banki ya zama shi ne na wanda kake magana da shi. In ya ce na ƙaninsa ne ko na mai POS, dakata.

4. In garin da nisa, ka nemi wanda ka yarda da shi a can ya je ya gani da idonsa, shi zai biya bayan an loda kaya a mota, ya turo maka lambar direba da ta motar. Ɗan abin da za ka ba shi na ɗawainiya bai kai asarar jari ba.

5. A gwada a gabanka. Inkubeta a kunna ta ta yi wasu awanni, ka sa naka ma'aunin zafi a ciki. Ƙwan kaza yana buƙatar zafi wajen digiri 37.5 har kwana 21, kuma in allon injin na nuna wani abu naka ma'aunin na nuna wani, ƙwanka ne zai lalace. Ka duba fanka, robar ƙofa da abin juya ƙwai. Tampol na kifi a cika shi da ruwa, a yi alama, a bar shi ya kwana, domin ƙaramar huda ba ta nuna kanta a busasshe. Injin jan ruwa ka ga ya ja ruwa da gaske. Janareta ka taɓa jikinsa tukuna, a tayar da shi yana sanyi, sannan a ɗora masa kaya.

IN KAI NE MAI SAYARWA

1. Saƙon alat ba kuɗi ba ne, haka ma hoton rasit. Ana ƙirƙirarsu. Ka buɗe manhajar bankinka ko ka danna lambar duba asusu ka ga kuɗin sun zauna kafin keji ko kifi ya bar hannunka. Ko direba na danna hon a ƙofar gida, ya jira.

2. Akwai masu cewa sun yi kuskure sun turo fiye da kuɗin, ka mayar musu da ragowar. In ka duba, ko sisi bai shigo ba.

3. Mai saye lambar asusu kawai yake buƙata. Duk wanda ya nemi PIN, BVN ko lambar da banki ya turo maka a waya, ɓarawo ne.

4. Kada ka kai baƙon da ka sani a intanet cikin gonarka. Ku haɗu da rana a wuri mai jama'a. Ka tsare dukiyarka, ka kuma tsare kajinka daga cutar da takalminsa zai iya kwasowa.

Abu na ƙarshe: ko cinikin ya tafi lafiya, ka tambayi dalilin sayarwa. Wani cuta ce ta share masa kaji, shi ya sa yake rabuwa da keji da mazuban abinci da na ruwa. Ƙwayar cutar Gumboro tana iya yin watanni a wurin kiwo ba ta mutu ba. Ka wanke komai da sabulu, ka bi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ka shanya a rana, ka bar su kamar mako biyu kafin 'yan tsaki su shiga.

In kuma ƙaddara ta riga fata, kada kunya ta sa ka yi shiru. Ka sanar da bankinka nan take, ka adana hirarku da rasit da lambar asusun, ka kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC. Ni na yi shiru a lokacin, daga baya na ji hoton nan ɗaya ya ci kuɗin wani ɗan unguwarmu.

Allah ya tsare mana jarinmu, ya sa albarka a kiwonmu.