Suyar Gyaɗa A Gida: Lafiyar Mai Ci Na Farawa Ne Daga Tsinta

Soyayyar gyaɗa na daga cikin abubuwan taɓa ka lashe mafi araha a Najeriya, ƙasar da ke sahun gaba wajen noman gyaɗa a Afirka. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayarta sinadarin furotin ne mai gina jiki, kusan rabi kuma mai ne, akasarinsa irin wanda ba ya cutar da zuciya. Sai dai samun wannan amfani ya rataya ne a kan irin gyaɗar da aka zuba a kasko.

Gyaɗar da ba ta bushe sosai ba, ko aka ajiye ta inda ke da danshi, takan yi fumfuna mai haifar da gubar da ake kira aflatoksin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan guba cikin abubuwan da ke jawo sankarar hanta, kuma zafin suya ba ya kawar da ita gaba ɗaya. Shi ya sa aikin farko shi ne a baza gyaɗar a faifai, a tsince duk ƙwayar da ta yanƙwane, ko ta sauya launi, ko ƙwari suka huda ta. Mai suya a gida yana da damar yin wannan tsinta da idonsa, saɓanin wanda ya sayi ƙulli a bakin hanya.

Bayan tsinta, sai a jiƙa gyaɗar cikin ruwan gishiri na ɗan lokaci, a tsane, a shanya har ta bushe. Daga nan a ɗora kasko da yashi mai tsabta, idan ya ɗauki zafi a zuba gyaɗar a riƙa juyawa a kan matsakaiciyar wuta. Yashin ne ke rarraba zafi, ya hana wani gefe ƙonewa, kuma ba a buƙatar mai ko kaɗan. Da zarar ƙamshi ya tashi, ɓawon ya fara saɓulewa idan an murza, sai a sauke a tankaɗe da rariya, domin takan ci gaba da soyuwa bayan an sauke ta. Idan ta huce a zuba a busasshiyar kwalba mai murfi.

Gishirin ma a sassauta, domin hukumar ta ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 a rana. Tafin hannu ɗaya na gyaɗa ya wadatar a yini, saboda yawan man da ke cikinta. Ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuwa, gara a niƙa musu ita don gudun shaƙewa, wanda kuma jikinsa ke ƙaiƙayi ko kumburi idan ya ci, ya ƙaurace mata har sai ya ga likita.