Yadda allurar mazaunai ke iya shanye ƙafar yaro

Ba kowace shanyewar ƙafa ba ce shan-inna. Akwai yaran da ake kai wa asibiti suna jan ƙafa ɗaya, idan aka bi diddigi sai a tarar matsalar ta faro ne daga ranar da aka yi musu allurar zazzaɓi a mazaunai.

Kalmar jijiya a Hausa ta haɗa hanyoyin jini da kuma zaruruwan da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Na biyun ake nufi a nan. Mafi kauri a cikinsu ita ce wadda likitoci ke kira sayatik, wadda ta taso daga ƙasan gadon baya, ta ratsa mazaunai, ta gangara ta bayan cinya. Ita ke ba wa ƙafa ikon motsi da jin taɓi daga gwiwa zuwa yatsu, in ban da wani ɗan yanki. Idan tsinin allura ya soke ta, ko magani ya malala a jikinta, yaro kan ƙwalla ƙara nan take, daga baya tafin ƙafar ya riƙa reto, ya kasa ɗaga shi sama. Ƙananan yara da ramammu sun fi shiga haɗari, domin tsokar da ke rufe jijiyar ba ta da kauri.

A shekarar 1943, wani likitan ƙashi ɗan Birtaniya, Herbert Seddon, ya kasa raunin jijiya gida uku. Mafi sauƙi shi ne na dannewa: jijiyar tana nan lafiya, saƙo ne kawai ya tsaya, kamar yadda ƙafa ke sagewa bayan dogon zama. Wannan kan warware cikin kwanaki ko makonni. A na biyu, zaruruwan ciki sun tsinke amma rigar da ta lulluɓe su ba ta yage ba, don haka sukan sake tohowa, kimanin milimita 1 a rana. Ma'ana, tazarar santimita 30 za ta ci kusan wata 10. Na uku shi ne yankewa gaba ɗaya, wanda sai an yi tiyata.

Jinkiri na da tsada. Tsokar da ta shafe shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba ta samun saƙo takan motse, ko da jijiyar ta iso daga baya ba lallai ta sake aiki ba. Shi ya sa ake tura yaro sashen gashin ƙashi da wuri, a riƙa motsa idon sawun kada ya ƙage, a kuma sa masa abin da zai tallafi tafin ƙafar.

Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya suka koya ita ce a raba mazauni gida huɗu, a yi allurar a sashen sama na gefen waje. Jarirai kuwa a gefen cinya ake yi musu.