Ƙwai Nawa Za Su Lalace a Kiret Guda?

Duk mai shayi a unguwar Lazaret ta Yamai ya san ba kowane ƙwai ne ke isa kasko ba. Tambayar ita ce: in ka fasa kiret guda ka tarar da lalatattu uku, dillali ne ya cuce ka, ko kuwa abu ne da kan faru ko a hannun mai gaskiya?

Akwai lissafin da ke amsa wannan. Masanin lissafi Jacob Bernoulli, ɗan birnin Basel na Suwizalan, ya shimfiɗa shi a littafinsa da aka buga a 1713, bayan rasuwarsa. Lissafin yana aiki ne inda abu ke da fuska biyu kacal, mai kyau ko lalatacce, kuma ka san adadin da za ka gwada.

Mu ƙaddara, a matsayin misali kawai, cewa a kayan dillalinka ƙwai 1 cikin 20 kan lalace, wato kashi 5 cikin ɗari, kiret kuma na cin 30. Yawancin kwamfutocin Yamai da Faransanci suke, don haka a Excel sai ka rubuta:

=LOI.BINOMIALE.N(2;30;0,05;VRAI)

A ta Turanci, irin ta Kano ko Sakkwato, =BINOM.DIST(2,30,0.05,TRUE) ake rubutawa. A kula: ta Faransanci waƙafi mai ruwa take so tsakanin lambobi, da 0,05 maimakon 0.05. A nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe in sun kwafo darasi daga intanet, har su ɗauka na'urar ce ta lalace.

VRAI na nufin "biyu ko ƙasa da haka", amsar kuma 0,81 ce. Abin da ya rage, kusan kashi 19 cikin ɗari, shi ne yiwuwar samun uku ko fiye. Ke nan kusan kiret ɗaya cikin biyar zai zo maka da haka ba tare da kowa ya yi maka ha'inci ba. In ka mai da 2 ta zama 0, ka sa FAUX, wato "daidai wannan adadin", za ka ga kiret mai tsab, ba ko ɗaya lalatacce, kashi 21 ne kawai cikin ɗari.

Sai dai lissafin na da sharaɗi: lalacewar wannan ƙwai kada ta shafi ta wancan. A watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, kiret ɗin da ya wuni a rana bayan babur tare yake lalacewa, kuma Excel ba ta san da ranar ba. Ita kanta 0,05 ɗin ba a littafi ake samo ta ba. Sai ka riƙa rubuta abin da ka fasa da abin da ka zubar na tsawon makonni, na rani daban, na hunturu daban.