Faransa: Masu Larurar Ƙwaƙwalwa Sun Daina Ɓoyewa

A watan Maris na 2025, Nicolas Demorand, wanda a lokacin yake gabatar da shirin safe na gidan rediyon France Inter da ke birnin Paris, ya shaida wa miliyoyin masu sauraro cewa ya shafe shekaru yana fama da larurar nan mai jefa mutum tsakanin zumuɗi marar iyaka da baƙin ciki mai tsanani. A wannan shekarar ce gwamnatin Faransa ta ayyana lafiyar ƙwaƙwalwa a matsayin babban abin da ƙasar za ta sa a gaba.

To, sai dai masu wasan barkwanci sun riga 'yan siyasa. Blanche Gardin, wadda ta taɓa kwanciya a asibitin masu taɓin hankali, ta mai da baƙin cikinta abin ba jama'a dariya, har ta zama mace ta farko da ta lashe kyautar Molière ta barkwanci a 2018. Shi ma Panayotis Pascot ya wallafa littafi a 2023 kan ciwon damuwar da ya addabe shi. Dariyar ba ta warkar da kowa ba, amma ta karya lagon kunya, wadda sau da yawa ita ke hana maras lafiya zuwa wurin likita.

A can yankin Lyon kuwa, asibitin Le Vinatier da ke Bron ya buɗe zauren al'adu tun 1997, inda mutanen gari da majinyata ke kallon wasanni tare.