Me ya sa katin zaman Amurka ba ya buɗe ƙofar ƙananan ƙasashen Turai?

Birnin Greensboro da ke jihar North Carolina na daga cikin wuraren da 'yan Jamhuriyar Nijar suka fi yawa a Amurka. Akwai kuma 'yan Najeriya da 'yan Ghana, cikinsu har da ɗalibai a jami'o'in birnin irin su North Carolina A&T.

A gidaje da dama a birnin mai mutum kusan 300,000, za a tarar da fasfo iri biyu a ƙarƙashin rufi guda: iyaye na riƙe da na ƙasarsu ta asali haɗe da katin izinin zaman dindindin wanda ake kira girin kad, 'ya'ya kuwa na riƙe da fasfon Amurka.

Bambancin ba ya bayyana sai tafiya ta taso, musamman idan iyali suka yi niyyar yada zango a Turai domin ganin Monaco ko Vatican ko Andorra kafin su wuce gida hutu. Jami'in kan iyaka a Turai bai damu da inda mutum yake zaune ba. Fasfon da ke hannunsa yake dubawa.

Ƙasashe biyar a cikin gidajen makwabta

Ƙasashe biyar ne aka fi sani da ƙanƙanta a tsakiyar nahiyar Turai. Vatican ce mafi ƙanƙanta a duniya, domin faɗinta bai kai rabin murabba'in kilomita ɗaya ba, kuma tana cikin birnin Rum. Monaco na da kusan murabba'in kilomita biyu a gaɓar tekun Bahar Rum. San Marino na da 61, kuma Italiya ce ta kewaye ta ta ko'ina. Liechtenstein na da 160 tsakanin Switzerland da Austriya, sai Andorra mai 468 a kan tsaunukan da suka raba Faransa da Sifaniya.

Kowacce na da gwamnatinta da tutarta, amma babu wadda ke da filin saukar manyan jiragen fasinja, kuma babu wadda ke cikin Tarayyar Turai.

Matsayinsu kamar na ɗakuna ne a cikin gidan wani: duk mai son shiga sai ya bi ta zaure, ya nemi izinin mai gida. Zauren a nan shi ne yankin Schengen, wato ƙasashen da suka cire shingen bincike a tsakaninsu, suka kuma amince da biza guda. An sanya hannu kan yarjejeniyar a 1985, ta fara aiki a 1995, kuma a yau ƙasashe 29 ne a cikinta.

Fasfo uku, hukunci uku

A ɗauki matafiya uku da suka sauka daga jirgi ɗaya a birnin Nice na Faransa da nufin zuwa Monaco.

Na farko ɗan Slovakiya ne. Ƙasarsa ta shiga Tarayyar Turai a 2004, ta kuma shiga Schengen a watan Disambar 2007. Ba ya buƙatar biza, kuma katin shaidar ɗan ƙasa ya ishe shi shiga kowacce daga cikin ƙasashen biyar.

Na biyu matashi ne daga Greensboro mai fasfon Amurka. Shi ma ba ya buƙatar biza idan yawon buɗe ido ko ziyara ya zo, amma an iyakance masa kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Lissafin ya haɗa dukkan ƙasashen Schengen, saboda haka wanda ya yi kwana 60 a Faransa, kwana 30 ne suka rage masa a Italiya.

Na uku mahaifin matashin ne, mai fasfon Nijar da girin kad. Ko da ya shekara goma a Amurka yana aiki yana biyan haraji, a idon dokar Turai shi ɗan Nijar ne, kuma dole ya nemi bizar Schengen tun kafin ya bar gida. Haka dokar take ga masu fasfon Najeriya da Ghana da Kamaru da Chadi. A mafi yawan lokuta ma ba zai kai ga Turai ba, domin kamfanin jirgi zai hana shi hawa tun daga Amurka, kasancewar ana cin tarar kamfanonin da suka ɗauko fasinja marar cikakkun takardu.

Wuri ɗaya ne girin kad ke sauƙaƙa wa mai shi. Najeriya da Ghana na cikin jerin ƙasashen da sai 'yan ƙasarsu sun nemi bizar ratse kafin ma su sauya jirgi a filin jirgin wata ƙasar Schengen. An ɗauke wa masu girin kad wannan sharaɗi. Sai dai sassaucin bai wuce zauren jiran jirgi ba. Da zarar mutum ya nemi fita cikin gari, sai da biza.

Wa ke bayar da bizar?

Tun da ƙananan ƙasashen sun jingina ne da makwabtansu, ofisoshin jakadancin makwabtan ake tunkara. Mai zuwa Monaco zai nemi biza daga Faransa. Mai zuwa Vatican ko San Marino zai nema daga Italiya, kuma babu shingen shige da fice tsakanin Italiya da ƙasashen biyu. Liechtenstein ita kaɗai ce cikakkiyar mamba a Schengen a cikinsu, tun daga Disambar 2011, kuma Switzerland ce ke wakiltar ta a harkar biza.

Ƙa'idar ita ce a nemi biza daga ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta. Idan kwanakin sun zo daidai, sai a nema daga ƙasar da za a fara sauka.

Ga mazauna Greensboro, wannan na nufin wata tafiyar kafin tafiya, domin kowace ƙasa ta raba jihohin Amurka tsakanin ƙananan ofisoshin jakadancinta. North Carolina na ƙarƙashin ofishin Italiya da ke Philadelphia, da na Sifaniya da ke Washington, da na Switzerland da ke Atlanta. Washington da Atlanta kowanne tafiyar kusan sa'a biyar ce a mota daga Greensboro. Mai nema a karon farko dole ya je da kansa a ɗauki zanen yatsunsa, in ban da yara 'yan ƙasa da shekara 12.

Kuɗin biza yuro 90 ne ga manya tun daga watan Yunin 2024, yuro 45 kuma ga yara masu shekara shida zuwa 12, kuma ba a mayar da shi idan aka ƙi bayar da bizar. Ana buƙatar inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar nauyin yuro 30,000, da shaidar masauki, da shaidar kuɗin guzuri, da ta jirgin dawowa. Dole fasfo ya kasance an bayar da shi cikin shekara goma da suka wuce, yana da aƙalla shafi biyu da ba a buga komai ba, kuma yana da sauran wata uku bayan ranar barin Turai. Ana iya miƙa takardu tun wata shida kafin tafiya. Amsa kan fito cikin kwana 15, amma tana iya kai wa kwana 45.

Tarkon da ke Andorra

Andorra ce ta fi rikita matafiya. Ƙasar, wadda shugaban Faransa da wani bishop na Sifaniya ke shugabanta tare a bisa al'ada, ba ta neman biza daga kowa. Sai dai ba ta cikin Schengen, kuma har yanzu akwai shingayen bincike a iyakokinta biyu.

Ma'anar haka ita ce, wanda ya tashi daga Barcelona ko Toulouse ya shiga Andorra, a doka ya fita daga yankin Schengen ke nan. Idan bizarsa ta shiga sau ɗaya ce, to ta gama aiki. Kuma ba shi da wata hanyar komawa filin jirgi sai ta Faransa ko Sifaniya, wato sai ya sake shiga yankin da bai da izinin sake shigarsa.

Saboda haka mai fasfon Nijar ko Najeriya da ke son ganin Andorra, ko da na yini ɗaya ne, sai ya nemi biza mai izinin shiga sau biyu ko fiye, ya kuma bayyana hakan tun a takardar nema. Adadin shigar a rubuce yake a jikin bizar, kuma ya kamata a duba shi ranar da aka karɓi fasfo.

Sauye-sauyen da suka shafi masu fasfon Amurka

Daga ranar 12 ga Oktoban 2025, ƙasashen Schengen sun fara amfani da sabon tsarin rajistar shiga da fita, wanda ke maye gurbin buga hatimi a fasfo. Ana ɗaukar hoton fuska da zanen yatsun baƙon da ba ɗan Tarayyar Turai ba, na'ura ce kuma ke ƙidaya kwanakinsa. Tsarin ya shafi mai biza da mai fasfon Amurka baki ɗaya, amma bai shafi ɗan Slovakiya ba.

Tarayyar Turai ta kuma tsara wani izinin tafiya da ake nema ta intanet mai suna ETIAS, domin 'yan ƙasashen da ba sa buƙatar biza, ciki har da Amurkawa. An sanya kuɗinsa yuro 20, kuma zai yi aiki na shekara uku ko zuwa ƙarewar fasfo.

A duba hanyar dawowa

Ofisoshin jakadancin Turai a Amurka na neman shaidar cewa mai nema na zaune a ƙasar bisa doka, kuma zai iya komawa. Ga mai girin kad da bai ƙare ba, wannan ba matsala ba ce. Ga ɗalibi kuwa, lamarin na buƙatar natsuwa: yana iya zama a Amurka bisa doka bayan bizar da ke fasfonsa ta ƙare, amma idan ya fita, ba zai dawo ba sai da sabuwa. Kuma daga farkon 2026 Amurka ta dakatar da bai wa 'yan Nijar sababbin biza, ta kuma taƙaita wasu nau'o'in ga 'yan Najeriya, ciki har da ta ɗalibai, duk da cewa matakin bai shafi masu girin kad ba.

Wanda ya cika shekara biyar da girin kad na iya neman zama ɗan Amurka, kuma ranar da ya karɓi fasfon ƙasar ne bizar Schengen ke sauka daga kansa. Kafin wannan rana, iyalin da ke shirin tafiya tare sai su baje fasfo ɗin kowa a kan tabarma, su tsara tafiyar bisa wanda ya fi buƙatar izini a cikinsu, kafin a sayi tikiti.