Harshen Ƙwaƙwalwar Na'ura da Tafintanta

Gabatarwa

A wannan ɗan rubutu zan yi wa 'yan'uwana ɗaliban harshe bayani kan wani harshe da ba a koyar da mu a aji, wato harshen 'yar ƙwaƙwalwar da ake dasawa cikin mitar wuta da na'urar POS da injin wanki.

Jerin Umarni

Kowace irin ƙwaƙwalwa tana da ƙayyadaddun umarnin da take ganewa, kamar "tara", "ɗebe", "ajiye" da "tsallaka zuwa wuri kaza". Waɗannan su ne kalmominta, kuma da lambobin 0 da 1 ake rubuta su. Tsarin ARM, wanda ya fito a Ingila a 1985, yana da nasa. Haka ma AVR da aka ƙirƙiro a Norway, da RISC-V da aka fara a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a 2010. Wanda aka yi wa umarni da harshen wani ba zai gane ba.

Aikin Tafinta

Masu rubuta manhaja kuwa galibi da harshen C suke aiki, domin ya fi sauƙi ga ɗan'adam. Saboda haka akwai wata manhaja mai suna kompaila, wadda nake kira tafinta, da ke mayar da C zuwa umarnin ƙwaƙwalwar. Fitacciya cikinsu ita ce GCC, wadda ta fito a 1987. Dole tafintan ya iya taƙaita magana, domin ƙwaƙwalwar ATmega328P ta allon Arduino Uno kilobayit 32 kacal take da shi na ajiye manhaja. Fassara ta yi tsawo, ba ta shiga.

Me ke faruwa idan babu tafinta? Tsarin AVR32 ya dogara da tsohuwar GCC da aka daina sabunta masa, har a 2017 masu kula da Linux suka cire shi daga cikin tsare-tsaren da suke tallafawa. A wannan shekarar ce kuma GCC ta karɓi RISC-V, abin da ya sauƙaƙa wa kamfanoni amfani da shi.

Kammalawa

A ganina, darasin ya shafe mu. Kyan tsarin harshe kaɗai bai isa ya raya shi ba, sai an sami masu fassara zuwa cikinsa, masu kuma ci gaba da aikin shekara da shekaru. Idan haka abin yake ga harshen na'ura, ina ga Hausa da muke nazari?