Farin da ke gindin butar shayi: me ya kamata mu ji tsoro?

Duk gidan da ake dafa shayi safe da yamma a unguwanninmu na Jidda, uwar gida ta san farin abin nan da ke daskarewa a gindin buta kamar alli. Bakin famfo ya yi fari-fari, sabulu ya ƙi kumfa, jiki na ƙaiƙayi bayan wanka. Har wasu dattawanmu sun rage shan ruwa, wai gudun kada abin ya taru a ƙoda yadda ya taru a buta. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu duba lamarin.

Jidda ba ta da kogi, ruwan sama kuma kaɗan ne. Tun 1907, zamanin Turkawa, aka kafa injin tace ruwan teku da mutanen gari ke kira Kindasa. A 1947, zamanin Sarki Abdul'aziz, aka jawo ruwan Ainul Aziziyya daga Wadi Fatima. Yau mafi yawan ruwanmu daga Bahar Maliya yake, ana cire masa gishiri a manyan tashoshi irin ta Shu'aiba da ke kudu da birni. Bayan tacewa sai a ƙara masa ɗan sinadarin farar ƙasa don ya yi daɗin sha, kada kuma ya ci bututu.

Farin da muke gani kalsiyam ne da magnesiyam, waɗanda ke rabuwa da ruwa idan ya tafasa. Sun fi yawa a ruwan rijiya. Shi ya sa gidan da ke sayen ruwan wayit ba tare da tambayar inda aka ɗebo shi ba ya fi fama da shi. Ƙara ruwa a kan tsohon da ya kwana a buta ma yana sa farin ya yi kauri.

Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa waɗannan sinadarai cikin masu cutar da mai shan ruwa ba. Abin da ta ce shi ne, idan sun haura kusan miligiram 200 a lita, sukan daskare a bututu da tukunya. Kalsiyam ɗin nan shi ne dai na cikin nono. A ƙasa mai zafi irin wannan, babban abin da ke jawo tsakuwar ƙoda shi ne ƙarancin shan ruwa. Saboda haka dattijon da ya rage sha don tsoron farin buta, ya gudu ne bai tsira ba. Mu riƙa sha har fitsari ya yi haske, sai fa wanda likita ya ƙayyade wa saboda ciwon ƙoda ko zuciya.

Gyaran buta ba wuya. A zuba ruwan khal da ruwa rabi da rabi, a tafasa, a bar shi awa guda, a ɗauraye sosai. Lemun tsami ma yana yi. Kan shawa da ragar bakin famfo a jiƙa su a khal su kwana. Amma kada a kuskura a haɗa khal da Clorox, domin hayaƙin da suke fitarwa guba ne. Mai ƙaiƙayi ya rage sabulu, ya shafa man kaɗanya ko basilin tun jiki bai bushe ba. Gidan da aka sa na'urar tausasa ruwa mai aiki da gishiri, mai hawan jini kada ya sha daga gare ta. Matatar kicin kuma a riƙa canja mata ciki a kan lokaci.

Inda hatsarin yake shi ne tanki. Idan muka ji zartsi, ko wari, ko launi ya sauya, mu tuna ruwa ba ya tsami banza. Ruwan ƙarƙashin ƙasar Jidda yana kusa da sama, yana da gishiri, a wasu wuraren kuma ya gauraya da na masai. Tankin ƙasa idan ya tsage, wannan ruwan ne ke shiga. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire gishiri. A dakatar da sha, a sanar da mai gida, a duba tankin.

Ko ba a ga komai ba, a wanke tankin ƙasa da na sama duk wata shida, a rufe su ruf. Tun 1994 zazzaɓin dengi yake a Jidda, sauron da ke yaɗa shi kuwa a ajiyayyen ruwa mai tsabta yake ƙwai. Kuɗin wankin ba zai yi nauyi ba idan mazauna bene ɗaya suka haɗa hannu. Matasa kuma su leƙa tankunan tsofaffin da ba su iya hawa sama. Allah ya ƙara mana lafiya.